Goyon da Tasalla Ta Yi wa Dila

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, kunnuwanmu a buɗe.

Wata mata ce ana kiranta Tasalla, da mijinta Nomau da 'ya'yansu uku. Bayan an gama girbi suka shirya hawan dutsen bayan gari, don yara su hango kogi daga sama. Ta dama fura a gora, ya ɗauki sanda, suka kama hanya. Autansu Dudu bai daɗe da yaye ba, tafiya yake yana tsayawa kallon fara.

A bakin rafi sai ga Dila.

Ya ce, "Uwargida, ruwan nan ya fi ƙarfin yaro. Kawo in ƙetarar miki da shi."

Tasalla ta ga yana lasar baki. Ta ce, "Na gode, Malam Dila. Ƙafarsa ce ke koyon ruwa." Ta riƙe hannun Dudu, suka ƙetare.

A cikin sarƙaƙiya ya sake ɓullowa. "Uwargida, ƙaya za ta cinye ƙafar yaron nan."

Ta ce, "Ubansa na gaba da sanda." Suka wuce.

Da suka kai inda dutsen ya miƙe, rana ta take, Dudu ya zauna ya ce ya gaji. Sai ga Dila karo na uku.

"To yanzu fa? Kin ga abin da nake faɗa."

Tasalla ta san idan ba ta raba su da shi ba, har gida zai bi su. Ta ce, "Ka yi gaskiya. Juya baya in goya maka shi."

Dila ya juya yana murna. Ta miƙa Dudu ga ubansa, ta naɗe wani ƙaton dutse da ya sha rana a zane, ta ɗora masa, ta ja majanyi ta ƙulle tamau.

Dila ya ce, "Yaron nan da nauyi."

Ta ce, "Tuwon dawa yake ci."

"Jikinsa kuma da zafi."

"Rana ya sha. Ka bi a hankali."

Ina hankali? Dila ya zura da gudu cikin daji. Dutse na ƙona shi, ƙulli ya ƙi kwancewa, ya yi ta birgima har la'asar.

Su kuwa suka hau sannu, suna hutawa duk inda Dudu ya tsaya. A sama suka zauna gindin ɗinya, suka sha fura. Dudu ya nuna kogi da yatsa, ya ce, "Inna, ga wani dogon maciji yana ƙyalli." Yayyensa suka yi ta dariya.

Tun ranar Dila ke yawo da baƙin tabo a gadon baya. Wanda ya nace sai ya ɗaukar maka ɗanka, dubi bakinsa kafin ka dubi bayansa.

Ƙurunƙus, kan ɓera ya shige rami.