Zanen Rijiyoyin Tungar Sanda

Ku ajiye wayoyin nan ku matso. Na ga ɗazu ana ta gardama a kan wane launi zai fi yi wa zanen lambobi kyau, shi ya sa raina ya ɓaci. Shekara talatin da biyu na yi a ɗakin gwajin ruwa, ni ne direba, ni ne mai ɗebo ruwa a kwalabe. Ban iya kwamfuta ba, amma na san abin da zane ya taɓa yi wa mutane. Idan na gama ku za ku yanke hukunci, don ni na kasa.

Akwai wani ƙauye, Tungar Sanda, mai rijiya biyu: Rijiyar Kuka a bakin hanya, Rijiyar Tsamiya a can cikin gari. Wata shekara yara suka fara ciwon ciki da farfaɗiya. Wata mata Kande, mai sayar da daddawa, ta tako a ƙafa har ofishinmu ta ce a zo a duba ruwan. Gidanta yana jikin Rijiyar Tsamiya, 'yarta Uwani mai shekara huɗu lafiyarta ƙalau, amma ta ga abin da ke samun 'ya'yan mutane, tsoro ya kama ta.

Shugabar ɗakin gwajinmu, Dakta Hansatu, ta ɗauki maganar da gaske. Wata shida ina zuwa ina ɗebo ruwa tana aunawa. Gubar dalma ta samu. Iyakar da ake yarda da ita goma ce. Rijiyar Tsamiya ba ta taɓa wuce uku ba. Rijiyar Kuka ta fara daga sha biyar, tana hawa tana hawa, har ta kai arba'in.

Ranar Litinin kwamitin lafiya zai zauna a kan maganar. Ranar Alhamis naƙuda ta kama Dakta, aka wuce da ita asibiti. Kafin ta fita ta bar lambobin a kan tebur ta ce a mai da su zane, saboda kwamitin nan ba sa karanta lambobi, zane kawai suke kallo. A ofishinmu kuwa al'ada ce zane sai ya bi ta tebur uku, wai don kada a yi kuskure. Wai!

Tebur na farko na Barau ne. Aikinsa shi ne ma'aunin gefe, wato lambobin da ake jerawa daga ƙasa zuwa sama da 'yan tsage-tsagensu, da layukan da ke gittawa a bayan zane kamar raga don ido ya bi su ya karanta. Da ya zuba lambobin, layin Rijiyar Kuka ya miƙe har yana neman fita ta saman takarda. Barau ya ce wannan ba kyan gani. Ya ɗauko ma'aunin wani tsohon aiki da aka yi a kan ruwan masana'anta, wanda ya tashi daga sifili zuwa dubu, tsage ɗaya a kowace ɗari biyu. Nan take layukan biyu suka kwanta a ƙasan takarda, ɗaya ya ɗan ɗara ɗaya kaɗan. Sai ya share ragar gaba ɗaya, har da jan layin da ke nuna iyakar goma. Dalilinsa shi ne an taɓa yi masa faɗa a gaban jama'a cewa zanensa ya cika tarkace, ya rantse ba za a sake ba.

Tebur na biyu na Ila ne, mai rubutun gefe da na ƙasa, wanda ke faɗa wa mai kallo me aka auna da kuma mudun da aka auna shi. Dakta ta rubuta masa da hannunta: yawan dalma a cikin ruwa, microgram a kowace lita. Rubutun ya yi tsawo, ya hau kan lambobi. Maimakon ya rage girman haruffa, ko ya karya shi layi biyu, aikin minti ɗaya, sai Ila ya goge ya sa kalmomi huɗu: abin da ke ciki. Abin da ke ciki! Ko tukunyar miya ce aka buɗe? Ya ce ai duk wanda zai zauna a kwamiti ya san a kan me ake magana, kuma ranar Juma'a ce, yana so ya sami sahun gaba.

Tebur na uku na Lantana ne. Ita ke yin ɗan akwatin bayani da ke kusurwa, mai cewa wannan layi na wane ne, wancan na wane ne. A takardar Dakta ba sunan rijiya, sai rijiya ta ɗaya da rijiya ta biyu. Lantana ta ce mutanen kwamiti ba za su gane ɗaya da biyu ba, gara a sa sunaye. Wannan tunani mai kyau ne, ban hana ta ba. Sai dai ni idan na je ƙauye, rijiyar da na fara tararwa daga bakin hanya ita ce ta ɗaya, haka nake yi tun kafin a haife ta, kuma yana rubuce a littafin kwalabe. Ita kuwa sai ta buɗe rajistar ƙaramar hukuma, inda aka fara jera Tsamiya don ita aka fara haƙawa. Ta ba layin guba sunan Tsamiya, ta ba layin lafiya sunan Kuka. Ina nan bakin ƙofa ina goge mota, taku goma tsakaninmu, ba ta ɗaga murya ta ce Baba Jatau wace ce ta ɗaya ba.

Ni na kai takardar ranar Litinin, a liƙe cikin ambulan, na tsaya daga baya, a lokacin ban san wace rijiya ce mai gubar ba. Shugaban kwamiti ya juya ta sama ya juya ta ƙasa, ya miƙa wa jami'in lafiya.

"Malam Buhari, me ka gani?"

"Ranka ya daɗe, ga su nan kwance a ƙasa. Ina jin laka ce ko gishiri, irin wanda aka saba kawo mana. Ta Tsamiya ta ɗan ɗara. A rufe ta a yashe ta bayan damina, su sha ta Kuka kafin nan."

Aka sa hannu. Ranar Laraba aka zuba wa Rijiyar Tsamiya murfin kankare da kwaɗo. Garin gaba ɗaya ya koma Rijiyar Kuka. Kande da ta tako a ƙafa don ta tsare 'yarta, ita ce ta riƙa ɗaukar tulu tana wuce rijiyar ƙofar gidanta mai ruwa mai kyau, tana zuwa bakin hanya ta ɗebo guba ta kawo gida, tana kuma yi mana addu'a don mun taimake su. Duk lokacin da na tuna addu'ar nan sai in ji kamar in fasa wani abu.

Wata uku aka yi a haka. Ranar da Dakta Hansatu ta dawo daga hutun haihuwa ta ga zanen manne a jikin allo. Ta tsaya tana kallonsa, ta ɗauko lambobinta ta haɗa da shi. Ko mayafi ba ta gyara ba ta ce in tayar da mota. A ranar aka fasa kwaɗon Tsamiya aka rufe Kuka. Amma Uwani ta riga ta fara faɗuwa tun sati uku da suka wuce. Ta rayu. Sai dai yarinyar da ke bin uwarta kasuwa tana tallan daddawa da baki kamar rediyo, yanzu ko sunanta aka kira ba ta juyowa.

Washegari Dakta ta tara su ukun a ofis. Ban taɓa jin muryarta ta kai waje ba sai ranar.

Barau ya ce, "Dakta, ni ban taɓa lamba ko ɗaya ba. Arba'in na tarar, arba'in na bari. Da an rubuta dalma a gefe, da Malam Buhari ya san duk layin da ya ɗaga daga ƙasa a wannan ma'auni ya wuce iyaka."

Ila ya ce, "Ni kalmomi kawai na rage. Da layin ya miƙe yadda ya kamata, ga jan layi a ƙarƙashinsa, ko makaho aka ba ya shafa zai ce a kira Dakta a waya."

Lantana tana kuka ta ce, "Da ba su kwantar da maganar ba, da an aiko a sake auna rijiyoyin kafin a rufe, da an gano kuskurena a rana ɗaya."

Abin da ke ƙona min rai shi ne duk cikinsu ba wanda ya yi ƙarya. Da Barau ya bar ma'auni daga sifili zuwa hamsin da ragarsa da jan layinsa, da kwamiti ya firgita ya yi tambaya. Da Ila ya bar sunan gubar da mudunta, Malam Buhari ba jahili ba ne, da ya tashi tsaye. Da Lantana ta sa sunaye daidai, to ko da an ɗauka laka ce, rijiyar da za a rufe ita ce mai gubar, Uwani kuma da ta ci gaba da shan ruwan da ta saba sha. Ɗaya ya yi don gudun faɗa, ɗaya don sauri, ɗaya don taimako. Na ga wani yana motsa baki, yana so ya ce ni ne na huɗu tunda ni na kai ambulan. Faɗi, ba ka riga ni ba, na faɗa wa kaina sau dubu. Amma ni ba a ba ni zane in yi ba.

Suna cikin wannan jayayya aka yi sallama. Kande ce, ta goyo Uwani a baya, yarinyar da ta wuce goyo, ƙafafunta suna reto har cinyar uwar. Dakta ta ba ta kujera, ta ƙi zama.

"Hajiya, ban zo a ba ni haƙuri ba, an ba ni ya ishe ni. An ce min takarda ce aka yi ba daidai ba. Takarda ba ta rubuta kanta. Ki nuna min wanda ya yi ta. Ba zan taɓa shi ba, wallahi. So nake in kwance yarinyar nan in ajiye ta a gabansa ya kira sunanta, ya gani ko za ta amsa."

Dakta ta dubi Barau, ta dubi Ila, ta dubi Lantana. Kande ta fara kwance zanin goyo.

To, ku da kuke zaune a kan irin teburan nan yau, a gaban wa za ta ajiye ta?