Kura Ta Sauki Ƙudan Yashi

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso!

Ta zo, muna saurare.

Kura ta sare daji kaf don gawayi, har ta rushe suri. Sai ga Ƙudan Yashi, ɗan mitsitsi.

Ya ce, "Ranki ya daɗe, gidana kika rushe. Gafiyar da nake tsotsar jininta ma ta gudu."

Kura ta tuntsure da dariya. "Kai ɗin nawa kake? Shiga tsagar bangona."

"Da iyalina?"

"Kwaso su!"

Ashe su dubu ne, ga cutar da suka tsotso daga Gafiya a bakinsu. Duk inda suka cije ta, sai gyambo.

Kura ta ce, "Ku fita!"

Suka ce, "Mayar mana da dajinmu."

Ta dubi buhunan gawayi, ta ci gaba da susa. Dabbare-dabbaren jikinta, tabon ne har yau.

Ƙurunƙus, kan Gafiyar da ta tsere!