Na'urar da Aka Kife da Ƙwarya

Akwai wani mutum mai tumaki arba'in, yana kiwonsu a wani tsibiri a tsakiyar kogi. Ciyawar wurin kyakkyawa ce, amma kogin ba shi da amana. In an yi ruwa can kan duwatsu, sai ya sauko ba sallama, ya rufe tsibirin.

Mutumin yana da ƙanwa, Dinatu, wadda ta karanci aikin lantarki. Ta kafa masa wata 'yar na'ura a bakin kogin daga sama, wadda za ta aiko saƙo a wayarsa da zarar ruwa ya fara hawa. Na'urar ba ta da batir. Tana tsintar wuta daga rana ta wani faranti kamar tafin hannu, tana tarawa a wani ɗan ma'aji da ake kira sufakafasita.

Dinatu ta ce, “Yaya, wannan ma'ajin yana cika da sauri, amma yana yoyo. Ko ba ya aikin komai, wutar tana zurarewa kaɗan kaɗan. Dole ya ga rana kullum.”

Ya ce, “Na ji, injiniya.”

Amma farantin yana ƙyalli, mutumin kuwa yana tsoron ɓarayi. Sai ya jira har ya ga koriyar fitila, alamar ma'ajin ya cika, ya kife farantin da ƙwarya, ya rufe da ganye. A ransa ya ce, hatsin da ke rumbu, in ba a ɗiba ba, ina zai je?

A rana ta takwas hadari ya yi baƙi ƙirin a kan duwatsu. Ya duba waya, shiru. Ya sa a aljihu, ya sake cirowa, shiru. Ya ce a ransa ai da akwai wani abu da an gaya masa. Ya bar tumakin a tsibiri, ya koma gona.

Can sai ga kiran Dinatu. “Yaya, kana share ƙurar farantin kuwa?”

“Wace ƙura? Ai na rufe shi. A cike yake, ko taɓa shi ban yi ba.”

“Tun yaushe?”

“Kwana takwas.”

Ta ce, “Babu komai a ciki, Yaya. Ina tumakin?”

Ya sheƙa da gudu. Da ya shiga kogin ruwa yana gwiwa, kafin ya gama tsallakar da su ya kai ƙirji. Ya ƙirga a gaɓa, ya sake ƙirgawa. Talatin da huɗu.

Ma'anar wannan misali ita ce, zuciyarka ma'aji ce mai yoyo. Ni kaina da na auna irin wannan ma'ajin a makaranta na yi mamaki: ba a haɗa shi da komai ba, amma awon yana ta sauka. Haka bangaskiya take. Ka cika a taron farkawa na bara, ka rufe, kana cewa ai ban yi wani mugun abu ba. Ba sai ka yi ba, 'yan'uwa. Rana ita ce Maganar Allah da addu'a, ƙwaryar kuwa duk abin da ya tare su ne, ko da dalilinsa mai kyau ne. Abin tsoron shi ne, zuciyar da ta ƙare ba ta ƙara, shiru take yi, kai kuma ka ɗauka lafiya ce. Ka je ka ɗaga ƙwaryar yau, tun ruwa bai sauko ba.