Mamuda da Na'urar Surukinsa

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba zan kama sunansa ba, kar wata ta ce da dangin mijinta nake. Sunansa Mamuda, shi ke kula da kwamfutocin asibitin garin.

To ku saurara. Ashe kwamfutocin nan ma uwa gare su, wata babba da ake ajiyewa a ɗaki ita kaɗai, duk sauran wurinta suke tambayar sunan mara lafiya da maganinsa. Uwar ta tsufa, ta soma mantuwa irin tawa. Mutanen gari suka yi karo-karo za a sayo sabuwa.

Aka kawo biyu, kowace da irin ƙwaƙwalwarta. Ɗaya mai tsada, ga sauri, amma ga cin wuta, ga zafi, sai ana yi mata fifita kamar amarya. Ɗayar sabuwar ƙira ce, mai sauƙin kuɗi, wutar sola ta ishe ta. Mai tsadar wa ya kawo ta? Alhaji Gambo, uban matar Mamuda. Mutumin da Mamuda ba ya kama sunansa, ba ya cin abinci a gabansa, tun daga nesa yake cire masa takalmi.

Dattawa suka ce, "Mamuda, kai ka san kansu, gwada mana su."

Ya ɗora musu aiki iri ɗaya, da mudu ɗaya ya auna musu, ya ga abin da ya gani.

Ranar taro shugaban dattawa ya ce, "Wacce ta fi sauri?"

Mamuda ya dubi ƙasa ya ce, "Ta Baba."

Kuma ba ƙarya ya yi ba. Alhaji ya gyara babbar riga. Aka ce magana ta ƙare, aka ɗaga hannu za a yi addu'a. Hannun Mamuda ya ƙi ɗaguwa.

Ya ce, "A gafarce ni. Sauri kuka tambaya, na amsa, na laɓe a bayan amsar. Ta Baba ta riga, amma da kaɗan. Kuɗinta zai sayi waccan har biyu, kuma su biyun sun fi ta aiki. In aka ɗauke wuta, man da janareta zai sha dominta, kuɗin maganin mutane ne."

Alhaji ya ce, "Mamuda, ni? A bainar jama'a?"

Ya ce, "Baba, da ƙasa za ta tsage da na shige."

Aka sayi mai arahar. A gida matarsa Tabawa ta ce, "Sannu da aiki, malam. Ni yanzu da wace fuska zan shiga gidanmu?" Mamuda ya daina bi ta layin surukinsa, har masallaci ya sake.

Ana nan, sai ga Alhaji da ƙafarsa ya yi sallama. Mamuda ya fito ya durƙusa a zaure, kai a ƙasa.

Alhaji ya ce, "Na san wutar da take ci. Na kuma san kai za a tambaya, shi ya sa na kawo ta. Kunyarka na so in hau kamar jaki. Ɗago kanka, kaina ne ya kamata ya sauka."

Mamuda bai ɗago ba. Tabawa ta leƙo ta ga maza biyu suna kallon ƙasa kamar allura ta faɗi.

To kun ji. Kunya ado ce, amma wadda za ta sa ka faɗi rabin gaskiya ka binne rabi, wannan cin amana ce ta yafa mayafi. Ke da aka tambaye ki halin yaron da ke neman 'yar maƙwabta, kika ce "yana salla", kika ja baki kika tsuke don ɗan ƙawarki ne, ai da saura, kin kuma san da saura. Gara kunyar zaure da ta ranar tsayuwa.

Na ga wasu sun soma gyara ɗankwali. Ni dai ban kama suna ba.