Zomaye Goma Sha Biyu da Ƙullin Gwaggo

Akwai wata matashiya da 'yan gidansu suke kira Uwar Gyara. Idan ta shiga ɗakinka ta ga labule ya karkace, sai ta miƙe shi kafin ta gaishe ka. Ta koyi saƙa da kwarashi a waya, kuma gaskiya hannunta ya faɗa. Matsalarta ɗaya ce: ita ma ta san hakan.

Wani hutu ta je gidan gwaggonta, tsohuwar da ta fi shekara talatin tana saƙa. A gefen kujerar Gwaggo ta tarar da buhu cike da zomayen ulu guda goma sha biyu, kowanne da launinsa. Duk sun sha hannu. Wani audugar cikinsa ta leƙo, wani jelarsa na reto.

"Na yaran wata makarantar kwana ne," in ji Gwaggo. "Ni na saƙa musu. Duk hutu ake kawo min in wanke, in ɗinke inda ya farke."

Uwar Gyara ta ɗauki shuɗin zomo tana juyawa. Saƙar ta tafi sumul, ko idon saƙa ɗaya bai kuskure ba. Amma a kunnen hagu ga wasu ƙulli biyu, manya kamar ƙwayar wake. Ta ɗauki jan. Shi kuma ƙulli ɗaya ne a kan cikinsa. Na ruwan ɗorawa yana da uku a jere a ƙeya.

Abin ya tsaya mata a rai. Yaya hannun da ya iya wannan saƙar zai bar irin wannan ƙazamin ƙulli?

"Gwaggo, wannan ƙulle-ƙullen fa?"

Gwaggo na tsakiyar ƙirga idon saƙa, leɓenta na motsi. Ta ɗaga yatsa ɗaya. "Ashirin da bakwai, ashirin da takwas... bari in kai ƙarshen layi, 'yar nan."

Duk mai saƙa ya san ba a katse mai ƙirga. Uwar Gyara ta tsaya jira. Kafin layin ya ƙare baƙi suka yi sallama, maganar ta bi iska. Ita kuma ba ta sake tambaya ba, domin ta riga ta ba kanta amsa. Ai jibi za a kai Gwaggo asibitin ido. Tsufa ne kawai, baiwar Allah ba ta ganin abin da take yi.

Ranar asibitin, Gwaggo na fita, Uwar Gyara ta zazzage buhun a kan tabarma. Ta ɗauki hoton kowane zomo gaba da baya, don ta nuna wa ƙawayenta yadda suke kafin ta sa hannu. Sannan ta zauna da almakashi da allura. Ta warware ƙullin nan ɗaya bayan ɗaya, ta ɓoye bakin zaren, ta ƙara auduga, ta wanke su ta shanya. Da yamma ta mayar da su buhu ta ɗaure, ta ce wa Gwaggo ta hutar da ita.

Gwaggo, da magani a ido, ta yi ta sa mata albarka.

Da aka koma makaranta, ita ta nace za ta raka Gwaggo kai kayan. Tana son ta ga murnar yaran, kuma, mu faɗi gaskiya, tana son a tambayi wanda ya yi aikin.

Tun daga ƙofa jikinta ya fara sanyi. Igiya ce ɗaure a jikin bango tun daga aji har ɗakin kwana, yara na tafe suna bin ta da hannu. Makarantar yara makafi ce.

Malamar ɗakin ta juye zomayen a kan tebur. "Ku zo, Gwaggo ta dawo da mutanenku!"

Hannuwa suka yi ca a kan tebur. Kowane yaro ya ɗauki zomo, yatsunsa su zarce kunne, ko ciki, ko ƙeya, sai ya ajiye ya ɗauki wani. Dariyar ta fara raguwa har ta ɗauke.

Wata 'yar ƙarama da ake kira Auta ta shafa duka goma sha biyun, sau biyu. Sannan ta juyo wajen da take jin muryar Gwaggo.

"Gwaggo, nawa bai dawo ba. Mai ƙulli biyu a kunne. Ko ya ɓata a hanya?"

Malamar ta rage murya ta ce, "Wannan yarinyar sai da ta yi wata guda tana kukan gida. Zomon nan ne ya zaunar da ita. Tun shekaranjiya take tambayarsa."

Gwaggo ta ɗauki zomo ɗaya ta shafa kunnensa. Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Mu launi muke gani. Su ƙullin ne sunan da ke jikin abinsu. Kowa da hannunsa ya nuna min inda yake son nasa."

Kunya ta rufe Uwar Gyara har ta rasa inda za ta sa ido. "Ni ce, Gwaggo. Na zaci kuskure ne."

"Na san ƙullin kowane yaro," in ji Gwaggo. "Amma wane launi ne na wa, wannan ban riƙe ba."

Nan Uwar Gyara ta tuna da hotunan da ta ɗauka don burga. Ta ciro waya ta buɗe su. Ga shuɗi da ƙulli biyu a kunnen hagu. Ga ja da ɗaya a ciki. Duk suna nan.

Ta zauna a ƙasa da zare da allura, ta fara da na Auta. Ta yi ƙulli biyu ƙanana, masu tsafta, ta miƙa mata. Auta ta shafa, ta yamutsa fuska.

"Anti, ba ki iya ba. Na Gwaggo ƙato ne."

Gwaggo ta kasa riƙe dariya. Uwar Gyara ta warware, ta ninka zaren sau uku, ta yi ƙulli mafi muni da ta taɓa yi a rayuwarta, har guda biyu.

Auta ta taɓa na farko, ta taɓa na biyu. Sai ta cusa zomon a wuyanta ta ce masa, "Ina ka tsaya?"

Sai la'asar Uwar Gyara ta gama na sha biyun. Hotunan kuwa, ba ta taɓa tura wa kowa ba.

Darasi: Ba duk abin da ya yi maka kama da kuskure ne kuskure ba. Kafin ka gyara aikin wani, tambaye shi dalili, kuma ka tsaya har ka ji amsa. Idan akwai Uwar Gyara ko Uban Gyara a gidanku, tura masa wannan, amma ka fara karantawa don kanka.