Wanda Ya Saki Igiya a Rumbun Sarki Jatau

Tun can baya, zamanin da babu wanda ya gan shi a cikinku balle ya ƙaryata ni, an yi wani sarki ana ce masa Jatau, mutum mai son a ce ya yi dabara. Wata shekara damina ta yi gardama, ɓarayi suka dame shi, kuma ba ɗaiɗai suke zuwa ba, bibbiyu ne da uku-uku. Sai ya sa aka yi shela: duk waɗanda suka haɗa kai suka fita sata, in ɗayansu ya mutu a wurin, ko da kunama ce ta harbe shi, sauran su ne suka kashe shi, kuma kashe su za a yi. Fadawa suka ce tun da aka fara sarauta ba a taɓa jin hikima irin wannan ba. Waziri Gwadabe kuwa ya sunkuya yana gyaran rawaninsa, wanda ba abin da ya same shi.

A bayan ganuwa akwai wata tsohuwa mai daddawa, Tasalla. Mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya biyu, Nomau da ƙanensa Shekarau. Suna da aboki, Mantau, wanda Tasalla ko gaisuwarsa ba ta amsawa, don a ganinta duk ɓarnar da 'ya'yanta suka iya, a wurinsa suka koya.

Ran wata Jumma'a, gari ya tafi masallaci, su ukun suka hau rumbun sarki. Rumbu ne mai tsawon gaba biyar, ƙofarsa a ka, hatsin kuma ya yi ƙasa. Suka zura Nomau da igiya, ya cika buhu ya goya, biyun suka shiga jawo shi. Ya kusa baki ke nan, tsohon mai gadi ya hango su ya yi kururuwa. Ɗaya ya saki igiya ya dira ya tsere. Ɗayan ya riƙe shi kaɗai, igiya tana zarewa, har ta ƙwace. Nomau ya faɗa, buhu ya bi ta wuyansa. Kafin la'asar dogarai sun kamo sauran biyun a cikin dawa.

Tasalla tana dakan kalwa aka kawo mata labari biyu a baki ɗaya: Nomau ya rasu, kuma gobe za a kashe Shekarau a kan ya kashe shi. Ta ajiye taɓarya, ta ce a maimaita mata na biyun. Aka maimaita. Ta yafa gyale ta nufi fada, ba ta ko rufe turmin ba.

Ta tarar da su a durƙushe, an ɗaure musu hannu ta baya. Ta faɗi ta yi gaisuwa.

Sarki ya ce, "Kwantar da hankalinki, tsohuwa. Jinin ɗanki ba zai tafi a banza ba. Gobe za mu rama miki."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, a kan wa?"

"A kan waɗannan biyun."

"Na daman nan ai ni na haife shi. Da safe ina da biyu, yanzu ɗaya. Gobe in an gama rama mini, ba ni da kowa ke nan."

Sarki ya ce, "Doka ce."

Nan Waziri ya matso. "Allah ya ja zamaninka, tsufa ya fara taɓa mini kunne. Sata muke tuhumarsu ko kisan kai?"

"Kisan kai."

"Ba sata ba dai?"

"Na ce kisan kai, Waziri. Ko ƙwayar gero ba ta bar rumbu ba."

Waziri ya juya wajen Alƙali Ɗalha. "Allah gafarta Malam, in an yi kisan kai, jinin na wane ne?"

Alƙali, wanda tun ranar shela tari ke kama shi duk sanda aka tambaye shi ra'ayi, ya warke nan take. Ya ce, "Na magada ne. Su ke cewa a kashe, su ke yafewa. Mamacin ba uba, ba ɗa, ɗan'uwansa kuwa shi ake tuhuma. Saura uwa."

Sarki ya gane cewa da bakinsa ya miƙa wa mai daddawa takobi.

Kowa ya zaci za ta ce ta yafe a tashi. Amma Tasalla ta hango hanyar da za ta tsirar da ɗanta, ta kuma rabu da Mantau gaba ɗaya. Ta ce, "Ba zan yafe a dunƙule ba. An ce ɗaya ya riƙe, ɗaya ya saki. Wanda ya saki nake so."

Aka tambayi mai gadi, ya ce idonsa ya yi rauni, ƙeya kawai ya gani. Shekarau ya ce, "Iya, wallahi na riƙe har ƙarfina ya ƙare." Mantau bai ɗago kai ba.

Tasalla ta ce, "Kun ji mai gaskiya, kun ga maras ita. Ranka ya daɗe, shekara hamsin ina jan ruwa. Igiyar kaba in ta zare a hannu, da nauyin guga kawai sai ta ɗebi fata, balle da ƙato da buhu. A kwance su su buɗe tafi. A fara da wancan."

Aka kwance Mantau, ya buɗe da ƙyar. Babu fata a tafin nan, sai jan nama, da zaren kaba maƙale a ciki. Wani bafade ya kau da kai. Tasalla ta daɗe tana kallo. Ta ce a ranta, wataƙila dukansu sun ɗan riƙe. Ta juya wajen ɗanta, ta ga ya dunƙule hannu.

"Buɗe."

"Iya..."

"Buɗe, ɗan nan."

Ya buɗe. Sumul, kamar na amarya kafin lalle.

Ta zauna a ƙasa a gaban sarki, ba wanda ya tuna ya tsawata mata. Can ta dubi Mantau ta ce, "Kai kuma me ya hana ka faɗa?"

Ya ce, "Iya, kin riga kin rasa ɗaya. Kuma ko na faɗa, ai duka za a kashe mu. Dokar ba ta tambayi wanda ya riƙe ba."

Wannan magana ba sarki aka yi wa ba, amma shi ta fi shiga. Ya gyara zama ya ce, "Tsohuwa, ke kika ce wanda ya saki kike so. Ga shi nan, ga hauni mai sare kai a bakin ƙofa. Faɗi."

Shekarau ya rarrafo zai kama ƙafarta, ta janye. Sannan ta ce, "Na yafe jini, ranka ya daɗe. Ba ni da ƙarfin zaman makoki biyu."

Sarki ya nemi shawarar Alƙali, suka yanke. Mantau ba jini a wuyansa, sai bulalar hawan rumbu, ita ma sai ya warke. Shekarau ya sha tasa a take, aka ƙara masa ta gudu da ta rantsuwar ƙarya. Aka sake fitar da mai shela: an janye doka, daga yau in ɓarawo ya mutu cikin 'yan'uwansa, za a bincika abin da kowane ya aikata kafin a ɗora masa jini.

Da aka rufe Nomau, Tasalla ta tafi da su biyun gida. Ta naɗe hannun Mantau da man kaɗe da tsumma, ta tuƙa tuwo, ta zauna tana gutsuro loma tana sa masa a baki. Waɗanda suka ba ni labarin sun ce kwana arba'in ta yi tana haka. A daren farko dai Shekarau ya zauna gefe, baya duk shatin bulala, yana jiran a dube shi. Ta tura masa akushi ba ta ɗago ba.

Ta ce, "Kai hannunka lafiya lau. Ci da kanka."