Hannun da Korau Bai Taɓa Ba

A can baya, zamanin da dambe yake wasan kaka, akwai wani mahauci a wani ƙauye, sunansa Korau. A ƙuruciyarsa ya yi dambe har sunansa ya tsallake kogi. Da ƙarfi ya fara ja baya, sai ya koma koyarwa a fagen da ya gada daga mahaifinsa, wani fili mai yashi a gindin tsamiya. Wanda ya tashi a ƙauyen nan ba ya manta wannan fage. Da la'asar, in an taso daga gona, samari sukan taru, tsofaffi su jingina da tsamiya suna gardamar damben da aka yi tun kafin a haifi rabin masu sauraro. Kwanaki ne masu daɗi, har yau in an tuna da su sai zuciya ta yi nauyi.

Fagen yana da doka guda. Ranar gasa ake naɗa igiya a hannu, amma a wurin koyo tsumma kaɗai ake naɗawa, don kada ɗan'uwa ya illata ɗan'uwansa. Saboda haka kafin kowa ya shiga, sai ya miƙa wa Korau hannu ya taɓa, ya matsa, ya tabbata babu igiya a ciki. Shekara talatin yana yin haka.

Wata rana, dab da girbi, baƙi suka zo kallo daga ƙauyen maƙwabta. Korau kuwa, Allah ya ba shi baki, in ya sami sabon kunne ba ya saki. Ya zauna yana ba su labarin yadda ya kayar da wani ƙato a kasuwa, labarin da kowace shekara ƙaton yake ƙara tsawo. Almajiransa biyu, Jatau da Sila, suka zo suka miƙa hannu. Ko juyowa bai yi ba, ya ce, "Ku shiga, ku shiga, ina zuwa."

Ashe Jatau ya naɗa igiya a ƙarƙashin tsumma, yana so ya saba da nauyinta kafin gasa. Naushi ɗaya ya kai wa Sila a haƙarƙari, Sila ya zube, numfashi ya gagare shi. Aka ɗauke shi sai gidan maɗori, aka tarar ƙashi uku sun karye. Sila magidanci ne mai mata da 'ya'ya, ga dawarsa ta nuna a gona, ga shi ko tari ba ya iya yi.

Da mutane suka watse, Korau ya kwance hannun Jatau, ya ga igiya. Jatau ya durƙusa ya ce, "Baba, ka rufa mini asiri. Babu wanda ya gani sai kai."

Yayan Sila ya kai ƙara wurin dagaci. Al'adar ƙauyen kuwa a bayyane take. Wanda ya shiga fage da ƙafarsa ya san abin da ya shiga, in an bi doka rauni ya zo, ba a bin kowa da hakki. Amma in maigidan fage ya yi sakaci, hakki yana wuyansa, kuma ana iya rufe fagen har abada. Korau ya san wannan sarai. Kwana uku yana wucewa ta gindin tsamiya yana duban yashin da mahaifinsa ya koya masa tsayuwa a kai, tsoro da kunya suna cinsa.

Ranar zama aka kawo Sila a kan tabarma. Dagaci ya ce, "Korau, tambaya ɗaya ce, ita ma don a cika ƙa'ida. Ka taɓa hannuwa ranar nan?"

Tsofaffi suka fara gyaɗa kai tun bai amsa ba, gama wa ya taɓa ganin Korau ya tsallake hannu? Kalma ɗaya ta ishe shi ya koma gida da fagensa. Ya dubi Sila yana jan numfashi da ƙyar, sai ya ce, "Ranka ya daɗe, ban taɓa ba. Ina can ina surutu. Akwai igiya a hannun Jatau, da na taɓa da na ji ta. Laifin yaron nasa ne, amma ni aka ba tsaron ƙofa."

Dagaci ya juya ga Sila ya ce, "To, ka ji. Hakki naka ne. In kana so, in tura ku kotu a birni. In kana so, in rufe fagen yau. In kuma sulhu kake so, faɗi abin da zai gamsar da kai."

Yayansa ya raɗa masa, "Kotu." Sila ya juya ga Korau. Sa'an nan ya ce a hankali, "Baba, dawata tana tsaye a gona. Kai da Jatau ku yanke ta, ku kai rumbu. Fage kuwa kada a rufe, a can na zama mutum. Amma daga yau ni zan zauna a bakinsa in riƙa taɓa hannuwa."

Haka aka yi. Mutane suka ga Korau da furfurarsa yana ɗaukar dami a ka, shi da bai saba da komai ba sai wuƙar fawa. Ranar da aka sake buɗe fagen, Sila yana zaune a gindin tsamiya, samari suka yi layi. Korau ya ratsa su, ya tsaya a gaba, ya fara miƙa nasa hannun.

Ga ma'anar wannan misali, 'yan'uwa. Fagen nan shi ne duk amanar da Ubangiji ya danƙa mana, ko gida, ko aji, ko ikilisiya. Taɓa hannu shi ne ƙaramin aikin da muke yi kullum har mu fara ganin ba shi da amfani. Korau bai naushi kowa ba, duk da haka sakacinsa ya karya ƙashi. Mu ma sau da yawa mukan ce, "Ai ba ni na yi ba," alhali mu aka sa tsaro.

Sila kuma, da a ce ya zaɓi kotu, da bai yi zunubi ba, gama hakkinsa ne, Allah kuwa yana ƙaunar adalci. Amma ku lura, bai ce a manta kawai ba. Ya nemi a gyara ɓarna, ya kuma toshe hanyar da ta shigo, sa'an nan ya yi jinƙai. Jinƙan nan bai sami ƙofa ba sai da Korau ya faɗi gaskiya a lokacin da ƙarya za ta fisshe shi. Haka yake tsakaninmu da Mai Cetonmu. In akwai wanda ya ji rauni ta dalilin sakacinka, kuma babu wanda ya sani sai kai, kada ka bari wata Lahadi ta same ka ba ka je ka faɗa masa ba.